Ranar da Na Riƙe Hannun Gwaggo a Bakin Murhu

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa waɗanda ko an tuna mini sai na yi dogon tunani kafin su faɗo, amma ranar sunan ɗan ƙanena na fari ba ta cikinsu. Ko na tsufa haƙora sun zube ba zan manta da ita ba, domin a ranar ce na damƙe hannun yayar mahaifina a gaban mata sun fi talatin, kuma duk a kan murhu. Ku bari in faro muku daga tushe, kada ku yanke mini hukuncin marar kunya tun ban kai ko'ina ba.

Mu mutanen Tama ne, a ƙasar Buza. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, sana'arta daudawar batso, kuma tun kafin a haife ni take yin ta. Wanda bai san aikin ba gani yake wasa ne. Gurguzun sure, wato ƴaƴan yakuwa, ake dafawa, shi kuwa gurguzu taurin kai gare shi, tun hantsi tukunya na kan wuta har la'asar. Duk tsawon wannan lokaci Inna na tsugune gaban duwatsu uku a cikin ɗan madafi mai taga ɗaya, tana iza wuta tana hurawa, idanunta jajur. Da wannan daudawar ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, ta aurar da ni, ta yi wa ƙanena aure.

Tari ya fara mata a hankali. Ta ce mura ce. Murar ta shekara, ta koma shekara biyu, har ta kai Inna ba ta iya zuwa garkar albasarmu sai ta zauna hutu sau biyu a hanya. Da ƙyar muka lallashe ta muka kai ta asibitin mishan. Aka yi mata radiyo, wato hoton ƙirji. Likita ya ɗaga hoton ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ta ko tana shan taba. Inna ta dube shi sama da ƙasa, ta juyo ta ce da ni, "Tashi mu tai gida, wanga yaro bai da ladabi." Likitan ya yi dariya ya ba ta haƙuri, ya ce huhunta ne ya yi kama da na mashaya, kuma hayakin murhu ne ya yi mata haka. Ya ce abin da ya lalace ba ya dawowa, amma wanda ya rage ana iya tsare shi, muddin ta rabu da hayaki. Ya ba ta wani ɗan famfo da ake shaƙa in numfashi ya sarƙe.

Rabuwa da hayaki a wurin Inna rabuwa da daudawa ke nan. Mun hana ta, ta yi mako biyu tana zaune a gindin dogonyaro ba ta ko son magana, abinci ma sai ta tsakura ta ture. Ran nan na shigo na iske ta ta haɗa duwatsunta ta hura wuta, tana tari kamar ranta zai fita. Na yi faɗa har na yi kuka. Ta bari na gama, ta ce, "In na bar tukunyar ga, mi kike so in yi? In zauna ina ƙirga awakin mutane?"

Mafita ta zo daga inda ba mu zata ba. Akwai wani dattijo Kirista da ke aiki a atiliyen asibitin, wato ɗakin gyare-gyare, shi ke gyaran famfuna da gadajen ƙarfe. Abokin mahaifinmu ne tun suna samari, matarsa kuma ba ta miya sai da daudawar Inna. Baban Atiliye muke ce masa. Da ya ji halin da ake ciki ya ce a ba shi wata guda. Ashe wani baƙon injiniya da ya taɓa aiki da su ya bar masa wani abu, guda ɗaya tak, ya ajiye shi cikin tsumma shekara da shekaru. A kan wannan abin ya ƙera wa Inna murhu.

Murhun akwati ne na ƙarfe, an jera masa tubali a ciki. Yana da ƙofar sa itace a gaba, da mazaunin tukunya a sama, da bututu da ya huda rufin madafi ya fita. Tsakanin wuta da bututun nan ne abin yake. Wani farin dutse ne marar nauyi, faɗinsa bai fi faifai ba, duk jikinsa ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Baban Atiliye katalizar yake ce masa, mu kuwa muka sa masa dutsen hayaki. In ya yi zafi sosai hayaki ya bi ta cikin ramukansa, sai hayakin ya ƙone ƙurmus, ya zama ƙarin zafi ga tukunya. A gefen murhun akwai mariƙi. In an ja shi hayaki ya bi gajeriyar hanya ya fita bai taɓa dutsen ba, in an tura shi dole hayaki ya ratsa ta cikin dutsen. Sannan ga wani agogo mai tsinke ɗaya, da doguwar wutsiya ta ƙarfe da ta shiga har bayan dutsen tana jin zafinsa.

Da yake Inna ba ta san lamba ba, ni kuwa na yi lakkwal, wato makarantar boko, har aji shida, ni Baba ya zaunar. Lokacin maigidana na ci-rani a Abijan, gidan aurena kuma katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidanmu, kullum ina wurin Inna. Baba ya ɗauko fenti ya raba fuskar agogon uku, baƙi da fari da ja.

"Ɗiyata, ki saurara," in ji shi. "In kin hura wuta, mariƙi a jaye. Kada ki tura shi sai tsinke ya bar baƙi ya taka fari, nan ne digiri ɗari biyu da sittin. In kinka tura da wuri, hayaki mai sanyi zai toshe ramukan. In tsinke na cikin fari, ki bar wuta ta ci a hankali. In ya doshi ja, ya wuce ɗari takwas ke nan, kada ki ƙara itace, ki ja mariƙi dutsen ya huta. Ban da leda, ban da ɗanyen itace. Kuma ko gidan ga na ci da wuta, kada ruwa ya taɓa dutsen nan yana da zafi. Wargajewa zai yi, kuma ba ni da wani."

Ranar gwajin farko muka hura wuta muka zuba wa tsinke ido. Da ya taka fari na tura mariƙi, sai ga tsinke na hawa da kansa ba wanda ya ƙara itace. Muka fita tsakar gida muka ɗaga kai. Bututu wayam, sai ɗan rawar iska a bakinsa. Inna ta koma ciki ta zauna kusa da tukunyarta, ta ja numfashi ta sauke, ta sake ja. Na ga ta share ido da bakin zane. Cikin ƴan watanni tarin ya yi sauƙi, ta koma zuwa garka ba hutu, itacen da muke ci a kwana uku ya koma yin mako.

To, a nan ne nawa laifin ya shigo, kuma yau ba na jin kunyar faɗa. Kaina ya kumbura. Maƙwabta na zuwa kallon murhun da ba ya hayaki, ni ce mai bayani, amma bayanin da nake yi na a yaba mini ne, ba na a gane ba. In wata ta tambaye ni me tsinken ke nufi sai in ce, "Abin na ƴan lakkwal ne, ba za ki gane ba." Matar ƙanena ta so ta koya na kore ta. Inna kanta kullum da safe sai ta jira na shigo na tura mata mariƙi. Daɗi nake ji a ce ba a dafa daudawa a gidanmu sai na zo.

Wata takwas ana haka matar ƙanena ta haihu, aka sa ranar suna. Muka tsara cewa manyan tukwanen tuwo da shinkafa a gidan maƙwabta za a ɗora su, don kada hayaki ya kusanci Inna. A gidanmu tukunyar miya kaɗai za a dafa, a kan murhun Inna. Da hantsi bayan an raɗa suna na hura wuta, na jira tsinke ya taka fari, na tura mariƙi, na ga ya zauna daram a tsakiya. Sai na ce da matan da ke gyaran albasa a bakin madafi, "Kada wadda ta taɓa mini murhu." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na tsallaka gidana in sa sabon ɗinkina in yi kwalliya, don ni ma a gan ni.

Ina fita Gwaggo ta iso daga Babankatami. Ita ce yayar mahaifinmu, ƴar ƙaramar tsohuwa mai babbar murya, kuma duk wani biki na danginmu ita ce mai faɗa a ji. Rabonta da gidanmu tun kafin ciwon Inna ya tsananta, labarin tari kawai take ji daga nesa. Abin da ya faru a bayan idona matan ne suka ba ni labari daga baya. Sun ce tana shigowa ta ɗaga kai ta ce, "Gidan suna ba hayaki? Tun bakin gari nike duban sama, har na ce ko an ɗage sunan. So kuke a ce ɗiyan ƙanena sun tara mutane ba su ɗora tukunya ba?" Aka nuna mata madafi. Ta buɗe ƙofar murhu ta ga wuta na ci ƙasa-ƙasa, yadda ake so ta ci. Ta ce wannan ai wuta ce ke mutuwa. Wata ta ce mata na ce kada a taɓa. Ta ce, "Wa ta ce? Wadda na yi wa wanka tana cikin tsumma?" Ta sa aka ɗebo mata karan hatsi daga danni, ta kakkarya ta cusa, ta rufe.

A wurinmu kuwa duk macen da ta gitta ta gaban murhu a gidan biki sai ta iza wuta, ko da da ɗan guntun kara ne. Cikin sannu da aiki yake, wadda ta wuce ba ta iza ba sai a ce girman kai gare ta. Da ma maganata ce ta tare su, da suka ga Gwaggo ta buɗe hanya sai kowace ta sauke nauyinta. Wannan ta sa kara, waccan ta sa itace. Sai su fito su dubi bututu, ba hayaki, domin dutsen na cinye shi duka. Sai su ce har yanzu ba ta kama ba, su koma su ƙara. Bawan Allah dutsen nan, iyakar ƙoƙarinsa iyakar abin da ake ɗura masa.

Ina gaban madubi na sa kwalli a ido ɗaya na ji wari ta kan katanga, warin ƙarfe in ya sha wuta. Na fito a guje ɗankwali a hannu. Ina shiga madafi na ji murhun na ƙas-ƙas, miya na tafasa tana zuba ta gefe, tsinke kuwa ya shige cikin ja ya yi nisa. Na naɗe hannu da ɗankwalin na fizgi mariƙi. Nan take baƙin hayaki ya turnuƙe daga bututu. Sai na ji muryar Gwaggo a tsakar gida tana cewa, "Yawwa, yanzu ta kama."

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya rufe ni, sai na yi wautar da ta fi ta farko. Na ƙwala ihu na ce, "Kun kashe mu, zai fashe!" Ni dutsen nake nufi, su kuwa suka ɗauka murhun ne gaba ɗaya zai tashi da madafi. Mata suka watse, wasu har da barin takalma. Gwaggo ba ta san gudu ba. Ta suri ƙwaryar ruwa cike, ta kutso, ta buɗe ƙofar murhu da ƙafa, hayaki ya bulbulo ya cika madafin, ta ɗaga ƙwaryar za ta watsa.

Ban san lokacin da na kama wuyan hannunta ba. Ruwan ya kife a kaina da sabon ɗinkina. Na sa ƙafa na tura ƙofar murhun ta rufe, hannunta na cikin nawa.

"Sake ni," in ji Gwaggo.

"Ba ni sakinki, Gwaggo, sai kin aje ƙwaryar."

"Ni kinka riƙe? Ɗiyar ƙanena ta riƙe mini hannu gaban mutane?"

Matan da suka watse suka dawo bakin ƙofa suna kallonmu. Ni kuwa tun da nake ban taɓa ko haɗa ido da ita ba in tana faɗa. Ana cikin haka muka ji tari a bayanmu. Inna ce ta jiyo ihuna ta taho da sauri, ta yi karo da hayakin a bakin madafi. Tari ya sarƙe ta, ta durƙusa, ta dafa ƙasa da hannu biyu, numfashinta na fita da ƙara kamar ana busa kara. Leɓunanta suka yi duhu. Gwaggo ta saki ƙwaryar ta faɗi ta tsage. Wannan ƴar tsohuwar ita ta rungumi Inna ta ja ta har gindin dogonyaro, tana shafa mata baya tana cewa, "Matarmu, ja numfashi. Ja, ina nan." Na ruga na ɗauko famfon na shaƙa mata. Mun daɗe a wurin kafin ƙirjinta ya lafa.

Na koma madafi jiƙe sharkaf na tsaya gaban agogon. Tsinke ya daɗe a cikin ja, sannan ya fara sauka kaɗan-kaɗan. Ban sake tura mariƙi ba ranar, haka aka ƙarasa miyar. Ban san ko dutsen na da rai ba, kuma na ga da idona abin da hayakin minti ɗaya ya yi wa Inna. In dutsen ya mutu, na san ba ta barin daudawa, duwatsu uku za ta koma.

Bayan la'asar da mutane suka ragu na je na durƙusa gaban Gwaggo na ba ta haƙuri. Na yi mata bayanin dutsen da ruwa da tsinke. Na zaci za ta wanke ni tas a kan riƙon hannu. Sai ta ce, "Mi ya hana ki faɗa wa matan ga haka tun da safe?"

Na ce, "Gwaggo, abin lambobi ne."

Ta ce, "Lamba ban san ta ba. Amma makauniya ce ni? Ja da fari ban gani? Numfashin uwarki na cikin abin ga, kinka ƙulle shi a cikinki ke kaɗai, kinka tai shafa kwalli." Ko kalma ɗaya ba ta ƙara a kan gaskiya ba.

Washegari da safe Baban Atiliye ya zo a kan moto, wato babur, ƙanena ya kira shi a waya. Murhu ya huce, ya kwance ya zaro dutsen a hankali, ya share shi da gashin kaza, ya ɗaga shi ga rana. Tsaga ta ratsa kusurwa ɗaya, wasu ramuka a gefen sun marmashe. Ya ce, "Da ruwan nan ya same shi, da tsintsiya za mu kwashe shi. Yanzu kam ban sani ba, wuta ce za ta faɗa muna." Ya mayar da shi, muka hura wuta. Gwaggo ta jawo kujera ƴar tsugunno ta zauna dab da agogon, ta hana kowa gitta mata. Ita ta fara cewa, "Ya taka farin." Baba ya ce to ta tura mariƙin da kanta. Ta tura.

Tsinke ya tsaya cak. Har ya ɗan koma baya. Can sai ya motsa, ya ƙara motsawa, ya kama hawa ba a ƙara ko tsinken kara ba. Baba ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Mun gode Allah, shina da rai." Gwaggo ta fita ta dubi bututu ta daɗe, ta dawo ta zauna ta ce a kawo mata fura.

Mako guda ta yi a gidanmu, kullum tana bakin madafi da kara a hannu, duk wadda ta miƙa hannu za ta iza wuta sai ta ji shi a yatsu, sannan a zaunar da ita a nuna mata baƙi da fari da ja. Ni ma na sauke girman kaina na koya wa matar ƙanena da maƙwabta biyu. Ta ƙarshe da na koya wa ita ce Inna. Ranar da ta hura wutarta, ta jira tsinke, ta tura mariƙi da hannunta, sai ta juyo ta dube ni ta ce, "Ashe wata takwas ina zaman jiranki a kan abin da bai fi haka ba?" Ba da faɗa ta yi maganar ba, har murmushi take, amma ta fi mini zafi a kan duk faɗan Gwaggo.

Dutsen nan ya yi shekara huɗu yana aiki da tsagarsa kafin Baba ya samo wani. Inna na nan da ranta, ta tsufa, sau biyu a mako take ɗora gurguzu, kuma ba ta jiran kowa. Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin ranar da Gwaggo ta kusa kashe mana murhu, sai da na ƙara shekaru na yarda cewa ni ce na kusa kashe shi. Abin da ranar ta koya mini shi ne, duk sanin da ran wani ya rataya a kansa ba naka ba ne kai kaɗai, amana ce, kuma ka raba shi tun kana kusa. Na raina tsofaffin gidanmu don ba su san lamba ba, rainina ya kusa mayar da uwata cikin hayakin da zai kashe ta.